Ɗan wasa ya faɗi amma alƙali bai busa ba: me dokar ƙwallon kwando ta ce?

Tambaya: Sau da yawa idan ina kallon ƙwallon kwando nakan ga ɗan wasa ya faɗi yana murƙususu riƙe da ƙafa, amma alƙali ya ƙyale wasa yana tafiya har abokan hamayya su jefa ƙwallo a kwando. Wani lokacin kuma da faɗuwar mutum sai ka ji usur. Akwai doka a kan wannan, ko kowane alƙali da ganin damarsa? Kuma idan an tsayar, me ke biyo baya?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai doka, kuma abu biyun da ka gani duk daga cikinta suka fito. A kundin dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, sashe na 5 ne ya yi magana a kan rauni. Ya ce idan ɗan wasa ya ji ciwo alhali ana cikin wasa, alƙali ba zai busa ba sai ɗayan abu huɗu ya faru: ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ta yi jifa zuwa kwando, ko ƙwallon ta kuɓuce mata, ko ta daina kai hari ta riƙe ƙwallon kawai, ko wasa ya tsaya da kansa, kamar ƙwallo ta fita ko wani ya yi laifi. Daga nan sai jimla guda ta biyo baya, wadda a wurina ta fi sauran nauyi: idan kare wanda ya ji ciwon ya buƙaci haka, alƙali na da ikon tsayar da wasa nan take. Aikin alƙali shi ne ya gane, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, wace jimla ce ta dace da mutumin da ke kwance a gabansa.

Jiran da ya ba ka haushi yana da dalili. Tsawon filin ƙwallon kwando mita 28 ne kacal. Idan aka ƙwace ƙwallo aka zura da gudu, kafin ka ƙirga huɗu an isa kwando. Da a ce duk wanda ya faɗi sai an busa, to mai tsaron da aka wuce ba ya buƙatar bin kowa da gudu, zubewa kawai zai yi ya riƙe gwiwa, ya kashe harin da ƙungiyarsa ta kasa tarewa. Waɗanda suka ƙwace ƙwallon da guminsu suka samu wannan dama, kuma yawanci ba su ne suka ji masa ciwo ba. Mutumin da ya yi targaɗe a can ɗaya ɓangaren filin, shi kaɗai, babu mai tattaka shi, daƙiƙa uku ba za su ƙara masa komai ba. Shi ya sa ake barin harin ya ƙare. Amma da zarar masu harin sun ja baya, sun tsaya suna tsara yadda za su shiga, damar gaggawar ta wuce, kuma a nan usur ya kamata ya fito. Alƙalin da ya bar su suna ta miƙa wa juna ƙwallo mutum biyar a kan huɗu alhali wani na kwance, wannan ya yi sakaci.

Idan kuma wanda ya faɗi ɗan ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ne, zaɓi na hannun 'yan'uwansa. Suna so su ci gaba, su ci gaba. Suna so a duba shi, mai ƙwallo ya tsaya cak ya rungume ta ya dubi alƙali, za a busa. Wannan na da muhimmanci a dokar FIBA, domin a can ɗan wasa ba ya neman hutu, wato ɗan dakatar da wasa na ɗan lokaci, da kansa. Koci ne ke nema a teburin masu ƙidaya, kuma ba a ba shi sai wasa ya tsaya ko an ci ƙungiyarsa. A gasar NBA ta Amurka kuwa ɗan wasa na iya neman hutu matuƙar ƙwallo na hannun ƙungiyarsa, kuma alƙalansu ba su cika tsayar da wasa ba sai raunin ya yi muni. Shi ya sa a can za ka ga ɗan wasa ya kama abokin hamayya da gangan don a busa laifi a samu a duba ɗan'uwansa. Idan NBA ka fi kallo, wataƙila daga nan ne ka fi ganin abin da ka kira ƙyalewa.

Yanzu ga inda aikin yake. Me alƙali ke dubawa kafin ya ce wannan ba na jira ba ne?

Na farko, wurin da mutum ya kwanta. Wanda ya zube a ƙarƙashin kwandon da ake kai wa hari yana cikin haɗari ko da ciwonsa ƙarami ne, domin ƙarti tara ne za su yi tsalle su diro a daidai wurin, idonsu na sama, ba mai duba ƙasa. Ƙafa ɗaya ta sauka a wuyansa ko a fuskarsa, an tashi daga targaɗe an koma wata magana. Su ma masu dirowar suna iya karyewa a kansa. A irin wannan ba a jiran jifa.

Na biyu, yadda ya faɗi. Kai ya bugi daɓe, ko wuya ya lanƙwashe, ko an zarge ƙafafunsa yana sama ya sauko da baya: a busa. Ƙafa ko hannu ya juya ta inda gaɓa ba ta juyawa: a busa. Jini na zuba sosai: a busa. A 2013, ranar 31 ga Maris, Kevin Ware na jami'ar Louisville ya yi tsalle don tare jifa a wasansu da Duke, ya diro, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata. Irin wannan ba ya buƙatar tunani, duk wanda ke filin ya gani.

Wanda ke buƙatar ido shi ne na uku, kuma shi nake yawan jaddada wa sababbin alƙalai. Mai ihu yana birgima yana dukan ƙasa yana jin zafi ƙwarai, amma yana numfashi kuma yana cikin hayyacinsa. Wanda ya fi tsoratar da ni shi ne wanda ya zube shiru, ba wanda ya taɓa shi, bai kai hannu ya tare faɗuwar ba. 'Yan kallo ba sa ma lura da shi da wuri, domin ba a yi karo ba, ba a yi kuwwa ba. Ranar 4 ga Maris 1990, Hank Gathers na jami'ar Loyola Marymount ya danna ƙwallo a kwando, ya juya ya koma tsaro, sai ya yanke jiki ya faɗi kusa da tsakiyar fili. Zuciyarsa ce. Ya rasu a ranar yana da shekara 23. Idan zuciya ta tsaya, kowane minti da aka ɓata kafin a fara danna ƙirji da sa na'urar farfaɗo da bugun zuciya yana rage damar rayuwa. Don haka faɗuwar da babu karo a cikinta, ko jiki ya sandare, ko ya kama karkarwa, ba a duba wa ke da ƙwallo, ba a duba saura daƙiƙa nawa, ko da wasan ƙarshe ne kuma maki ɗaya ne tsakani. Ra'ayina a nan ba ya rawa: idan alƙali na shakka a kan kai, wuya ko zuciya, ya busa. Harin da aka katse bisa kuskure ana iya mayar wa ƙungiya da ƙwallonta, koci ya yi faɗansa ya huce. Ɗaya kuskuren ba shi da gyara.

Yadda ake samun ganin duk wannan alhali wasa na gudu shi ne rabon aiki. A manyan wasanni alƙalai uku ne. Idan hari ya juya, biyu za su bi ƙwallo, na bayan kuma ba zai yi saurin barin wanda ya faɗi ba, zai rage gudu yana kallonsa, kuma shi ne zai yanke ko a jira ko a busa. Inda alƙalai biyu ne abin ya fi wuya, domin na bayan yana da nasa rabon filin da zai lura da shi. Duk da haka ba a juya wa wanda ke ƙasa baya gaba ɗaya.

Akwai wata 'yar dabara a kan lokacin busawa da mai kallo ba ya lura da ita. Idan an saki jifa ƙwallo na sama aka busa, in ta shiga an ci, makin na nan. In ba ta shiga ba, an tsayar da wasa ke nan a lokacin da ƙwallo ba ta hannun kowa, sai a koma ga kibiyar karɓa-karɓa da ke kan tebur ta nuna wa za a ba. Wannan na iya ba ƙungiyar da ba ta cancanta ba. Saboda haka in ciwon na jira ne, gogaggen alƙali kan ƙara haƙurin rabin daƙiƙa ya ga wa ya cafe ƙwallon da ta dawo, sannan ya busa.

To an busa. Abu na farko da alƙali zai tuna shi ne shi ba likita ba ne. Ba ya ɗaga ɗan wasa, ba ya jan ƙafarsa, ba ya juya shi, kuma yana hana abokan wasansa yin haka, domin tausayi kan sa su ruga su kama hannunsa su ce tashi. In wuya ne ya samu matsala, wannan jan na iya zama sanadin shanyewar jiki. Aikinsa ya matsar da mutane, ya tambayi ɗan wasan ko zai iya ci gaba, in ba zai iya ba ya yafito benci. Koci da sauran mutanen benci ba sa shiga fili sai da izinin alƙali. Likita ne kaɗai doka ta ba damar shiga ba tare da izini ba, idan a ganinsa ana buƙatarsa nan take. Kuma idan likita ya ce motsa shi haɗari ne, babu agogon da ke ƙirga masa lokaci, ko minti goma sha biyar ne za a jira. Wani lokacin ma wasan ba ya ci gaba. Ranar 1 ga Agusta 2014, a wasan gwaji na tawagar Amurka a Las Vegas, ƙafar Paul George ta daki gindin ginshiƙin kwando ta karye, aka ɗauke shi a gadon marasa lafiya, aka tashi wasan a nan.

Yayin da ake wannan, ɗaya alƙalin yana riƙe abubuwa a kansa: ina ƙwallo take lokacin busa, hannun wa take, saura nawa a agogon wasa, saura nawa a agogon jifa, wato agogon daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa a cikinsu. In ba a riƙe ba, bayan minti biyar na ruɗani kowane benci zai kawo nasa labarin.

Sai maganar canji. A dokar FIBA, ɗan wasan da bai iya ci gaba cikin kamar daƙiƙa 15 ba, ko aka yi masa magani, dole a canza shi. A nan ne koci-koci suka fi rigima da alƙalai, domin fassarar dokar ta ce da zarar wani daga benci ya taka fili don duba shi, an ɗauka an yi masa magani, ko da ko taɓa shi bai yi ba. Shi ya sa za ka ga alƙali ya ɗaga wa benci hannu alamar su dakata, ya fara tambayar ɗan wasan. Ba ƙeta yake yi ba, yana kare wa ƙungiyar ɗan wasanta ne. Hanyar kauce wa canjin ita ce hutu: idan ɗaya daga cikin ƙungiyoyin biyu ta ɗauki hutu, ya warware a cikinsa kafin tebur ya yi alamar canji, zai iya ci gaba. Haka kuma ba a tilasta canji idan fitarsa za ta bar ƙungiyar da ƙasa da mutum biyar a fili.

Jini kuwa hukuncinsa daban. Duk mai zubar da jini ko buɗaɗɗen ciwo sai ya fita, ba ya dawowa sai jinin ya tsaya an rufe wurin ruf. An tsaurara wannan a farkon shekarun 1990, bayan tauraron NBA Magic Johnson ya sanar a Nuwamban 1991 cewa yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, lokacin da hukumomin wasanni suka farga da cututtukan da jini ke ɗauka. NBA na ba da daƙiƙa 30 a tsayar da jinin kafin koci ya zaɓi canji ko hutu. Ɗan ƙwarzane ba ya sa a katse hari, ana jiran wasa ya tsaya ne.

Bugun kai ya fi jini wuyar sha'ani, domin ba a ganinsa, kuma ɗan wasa zai rantse maka lafiyarsa ƙalau. NBA ta kafa tsarinta na duba girgizar ƙwaƙwalwa a 2011. A wasannin makarantun sakandare na Amurka kuwa doka ta ɗora wa alƙali ya fitar da duk yaron da ya nuna alama, kamar jiri, tangaɗi, ruɗewa ko suma, kuma ba zai dawo ba sai ma'aikacin lafiya ya amince. Ina ganin wannan ita ce hanyar da ta dace da duk wasan yara a ko'ina. Alƙali ba ya cewa ga cutar da ke damunsa, yana cewa ne na ga abin da bai kwanta mini ba, a duba shi.

Komawa wasa ba ta da wahala. Wanda ƙwallo ke hannunsa shi ake mayar wa, a jefo daga gefe kusa da inda take. Agogon daƙiƙa 24 ne ke da ɗan lissafi. In mai raunin ɗan ƙungiyar da ke da ƙwallo ne, agogon na ci gaba daga inda ya tsaya, don kada a riƙa faɗuwa a sayi sabon lokaci. In na masu tsaro ne, ana sabunta shi zuwa 24 idan ƙwallo na rabin filin baya. A rabin gaba kuma, in saura 14 ko fiye a bar shi, in 13 ne ko ƙasa a mai da shi 14.

Inda dokokin biyu suka rabu sosai shi ne idan an yi wa mutum ƙeta, an ba shi jifan kyauta daga layi, amma ciwo ya hana shi jefawa. A FIBA wanda ya canje shi ne zai jefa, kuma kocinsa ne ke zaɓa. A NBA, in laifin na yau da kullum ne, kocin abokan hamayya ne zai zaɓo wanda zai jefa daga bencin mai raunin, kuma ka san wanda ya fi kowa rashin saiti zai ɗauko, sannan mai raunin ba ya sake shiga wasan ranar. An yi haka ne don kada marar iya jifa ya riƙa ƙaryar ciwo a kawo gwani. Amma dubi abin da take haifarwa. A wasa na shida na ƙarshen gasar 2019, Klay Thompson na Golden State ya tsinke jijiyar cikin gwiwa bayan Danny Green na Toronto ya yi masa laifi yana sama. Har ya kama hanyar ɗakin canza kaya, aka tuna masa in bai jefa ba ba zai dawo ba, ya juyo ya jefa biyun duka suka shiga. Bai ƙarasa wasan ba, kuma kakar da ta biyo baya gaba ɗaya bai buga ba. Kobe Bryant ma a Afrilun 2013 ya tsaya da tsinkakkiyar agara ya jefa biyu suka shiga, sannan ya ɗingisa ya fita. Ana yaba musu jarumta, kuma sun cancanta. Ni dai dokar da ke sa mutum ya taka gwiwar da ba a riga an duba ba tana damuna. Aƙalla NBA ta yi gyara a kan bugun kai: wanda aka fitar don gwajin girgizar ƙwaƙwalwa, kocinsa ne ke zaɓar mai jefawa cikin waɗanda ke fili, kuma in an tabbatar lafiyarsa ƙalau zai iya dawowa.

Wani abin da ke jawo wa alƙalai zagi shi ne mutane na auna laifi da girman ciwo. Ba haka ake yi ba. Abin da mai laifin ya aikata ake hukuntawa. Mutum na iya karyewa a karon da babu laifin kowa, wani kuma a yi masa mugunta ya tashi garau. Tambayar ita ce, ƙwallo ya nufa ko jiki, kuma ƙarfin ya wuce kima ko bai wuce ba. In ya wuce, FIBA na kiransa laifin da ya saɓa ladabin wasa, hukuncinsa jifan kyauta tare da mayar wa waɗanda aka yi wa ƙwallo, in ya yi muni kuma kora. Inda akwai bidiyo, alƙalai na iya dubawa su ɗaga hukuncin ko su sauke shi. Jini a fuska na iya sa a je a duba, amma ba shi ke yanke hukunci ba.

Mafi yawan raunin da alƙali ke iya hanawa kuwa tun kafin ya faru ne. Wanda ya yi tsalle yana da haƙƙin wurin da zai diro. A Mayun 2017 Kawhi Leonard na San Antonio ya yi jifa ya sauka a kan ƙafar Zaza Pachulia na Golden State, idon sawunsa ya sake gurɗewa, San Antonio ta rasa shi har ƙarshen zagayen. Daga kakar da ta biyo baya NBA ta ba alƙalai damar ɗaukar irin wannan shiga ƙarƙashin mai jifa a matsayin babban laifi. Haka gumin da ya zuba inda mutum ya faɗi, a sa a goge kafin a ci gaba. Haka zobe, sarƙa da dogayen farata, doka ta hana, kuma tun wajen motsa jiki ake duba su. Wasan da ya fara zafi ana ture-ture, in ba a busa ƙananan laifuka da wuri ba, manyan na tafe.

In kai ma kana hura wasa a inda babu likita a benci, kafin a jefa ƙwallon farko ka tambayi masu shirya wasan wa ke kula da lafiya, ina yake zaune, akwai na'urar farfaɗo da zuciya ko babu, kuma da wace mota za a fita da mutum. Ku yi magana da abokin alƙalancinka a kan wa zai tsaya da wanda ya faɗi idan hari ya juya. A wasan yara ka rage jiran da doka ta ba ka, domin yaro ba ya iya faɗin abin da ke damunsa kamar babba. Bayan wasa kuma duk raunin da ya kai a ɗauki mutum, ka rubuta shi a rahotonka, da lokacin da ya faru da lambar ɗan wasan da abin da idonka ya gani.